Maigidana ya ajiye maganin hawan jini, in niƙa masa a kunu?

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a nan Jos, shekararmu 18 da aure, yaranmu biyar. Maigidana ɗan shekara 49 ne, yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Bara jiri ya ɗebe shi a kasuwa, aka kai shi asibiti, aka auna jininsa aka ce 172 bisa 104. Washegari kafin ya karya aka gwada suga aka samu 138, aka ce ya dawo a sake, bai koma ba. An rubuta masa magani kala biyu, ɗaya sunansa atenolol, ɗayan kuma mai sa yawan fitsari ne. Ya sha wata biyu, ya ce ya warke, ya ajiye. Daga baya na gane wani abokinsa ne ya ce masa maganin yana kashe ƙarfin namiji. Gaskiya ni ma na ga canji a lokacin, amma kunya ta hana mu zancen. Yanzu kullum ciwon kai, kasala da ƙishirwa, da dare ya fita fitsari sau huɗu. In abin ya matsa masa sai ya je kemis, a ɗebi jini a ce taifot da maleriya ne, a haɗa masa ƙwayoyi a leda. Sau uku ke nan cikin wata biyar. Hajiyarsu tana aiko masa da jiƙo da garin zogale, ta ce maganin asibiti in ka fara ba ka bari sai kabari. Mahaifinsu kuwa shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara biyu kafin ya rasu, ni da Hajiya muka yi jinyarsa. In na yi magana ya ce na zama likita, ko ya ce fatan ciwo nake masa. Makon jiya kwana biyu bai ci abincina ba. Ragowar ƙwayoyin suna nan a durowa, har na yi tunanin in riƙa niƙa masa a kunun safe bai sani ba. In yi? Ko in kai ƙararsa wajen babban wansa? Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Maman yara, daga Jos

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wurin da na fi daɗewa a wasiƙarki shi ne inda kika ce ke kika yi jinyar surukinki. Wadda ta shekara biyu tana juya babban mutum a kan gado, tana ba shi kunu da cokali, ba sai an yi mata bayanin shanyewar ɓarin jiki ba. Tsoronki yana da tushe, kuma alamomin da kika lissafa sun isa a tashi tsaye. Amma bari in fara da tambayar da ta hana ki barci: kada ki niƙa masa komai a kunu.

Ƙwayoyin da ke durowa an rubuta su ne wa jikinsa na bara, kafin wannan ƙishirwa da yawan fitsari, kafin ledojin kemis uku. Atenolol kuma magani ne mai rage gudun bugun zuciya, ba ya son a sha yau a tsallake gobe. Ranar da ya bar kunun, ko ya kwana Bokkos ko Mangu sayen dankali, maganin ya yanke ke nan farat ɗaya, zuciya ta shiga dukan uku-uku, jini ya yi sama. Atenolol da abokin tafiyarsa mai sa fitsari dukansu suna iya ɗan ɗaga suga, ga shi sugan ma ba a gama tantance shi ba. Sannan a ce ya faɗi a kasuwa, aka tambaye shi abin da yake sha, zai rantse ba ya shan komai, a yi masa magani a kan maganar da ba haka take ba. Bayan duk wannan akwai zaman aure. Mutumin da ya ƙaurace wa abincinki kwana biyu saboda magana, me kike jin zai yi ranar da ya tsinci ɗacin ƙwaya a ƙasan kofi? Kin san kuma sunan da dangi za su ba mace da aka kama tana barbaɗa wa miji abu a abinci, ko da kuwa maganin asibiti ne. Wannan hanyar a rufe ta.

Yanzu mu duba maigidan naki da idon adalci, domin ni ban ga mai taurin kai kawai a wasiƙar nan ba. Na ga mutum mai dalili biyu, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya haɗiye.

Wanda ya faɗa shi ne ya warke. Kusan duk mai hawan jini ya taɓa faɗin haka, saboda ciwon ba ya ihu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta saukar da shi yadda ya kamata. Mutum yana iya yawo da 180 yana ciniki yana raha, wani kuma kansa ya yi kamar zai tsage alhali jininsa lafiya lau. Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Maigidanki ya san masu lambu, ya san injin ban-ruwa. In an buɗe wa inji wuta fiye da ƙarfin tiyo, tiyon ba ya magana, yana ta aiki har ranar da zai fashe a inda ya fi rauni. A jikin mutum wuraren raunin su ne ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda da ido. Sauƙin da ya ji a wata biyun nan aikin maganin ne, da ya ajiye sai injin ya koma gudunsa. Wanda kuma mahaifinsa ya yi shanyewar jiki, hatsarinsa ya fi na waninsa.

Dalilin da ya haɗiye shi ne nake ganin ya riƙe komai, kuma a nan dole in ba shi gaskiyarsa. Atenolol da irin maganin nan mai sa fitsari suna cikin waɗanda aka sani suna raunana wasu maza. Abin da ya ji a jikinsa ba ƙarya ba ne, ke ma shaida ce. Abokin nasa ya faɗa masa rabin magana ne ya riƙe rabi. Ragowar ita ce hawan jini da ciwon suga su da kansu suna lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da namiji ya dogara da su, kuma ɓarnarsu ta fi wuyar gyara. Wanda magani ya raunana, in an canza maganin yawanci yakan dawo daidai. Wanda ya bar ciwon ya shekara biyar yana cinsa, wannan kam sai addu'a da dogon magani.

Maganin hawan jini kuwa kala-kala ne. Akwai amlodipin, akwai losartan da 'yan gidansu, waɗanda ba kasafai suke kawo wannan matsalar ba. A 2019 an wallafa wani bincike da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashe shida na Afirka, inda aka gwada haɗin magani bibbiyu na tsawon wata shida. Haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi saukar da jini a kan wanda babu shi. Na kawo wannan ne don ki san an yi aikin a kan jiki irin namu, a nan kusa da mu. Atenolol yanzu an fi ba da shi in akwai wani dalili na zuciya, mai yiwuwa likitan farko ya ga irin wannan dalilin, shi ya sa canjin ba na kemis ba ne, ba kuma naki ko nawa daga nesa ba. Kowane magani da halinsa: amlodipin yana kumbura wa wasu ƙafa wajen idon sawu, lisinopril yana sa wasu busasshen tari da ba ya jin maganin tari. Duk wanda bai karɓi mutum ba, komawa ake yi a faɗa, a canza. Na sha ganin magidanci ya zauna gabana ya kewaya ya kewaya, sai da ya miƙe ya kama ƙofa sannan ya ce “af, Likita, akwai wata 'yar magana”. Ita ce maganar da ta kawo shi tun farko.

Saboda haka wannan zance ke za ki buɗe shi, kuma sau ɗaya ya isa in an yi shi da kyau. Ki bari yara su yi barci, ranar da kasuwa ta yi daɗi, ba ranar da tumatir ya ruɓe masa ba. Ki fara da ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta yi zafi makon jiya. Sannan ki ce wani abu kamar haka: “Baban yara, na san maganin bara bai karɓe ka ba, ni ma na lura, kuma ban ga laifinka da ka ajiye ba. Na ji an ce akwai wasu kalolin da ba sa yin haka. Ka je ka ga likita namiji kai kaɗai, ka faɗa masa, ni ko ƙofar ba sai na shiga ba.” Kada ki ambaci mutuwa, kada ki ambaci Baba a wannan daren. Ki kuma roƙe shi ya nisanci maganin maza na tasha da na bakin masallacin Juma'a. An sha samun irinsu da sinadarin asibiti a ɓoye ba tare da awo ba, kuma ga mai matsalar zuciya hakan na iya zama ajali. In ana buƙatar taimako ta wannan fannin, likita yana iya rubutawa bayan ya duba zuciyarsa.

Abin da ya fi sa ni gaggawa a wasiƙarki ma shi ne sugan. In mutum ya kwana bai ci komai ba na awa takwas aka samu 126 ko fiye, aka sake wata rana aka kuma samu, ciwon suga ya tabbata. Wasu asibitoci da wani ma'auni suke rubutawa, a wannan ma'aunin iyakar 7.0 ce. Nasa 138 ne, kuma ba a sake ba. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan mutum na kusan wata uku, wanda 6.5 ko fiye ke nuna ciwon. Ƙishirwa, kasala da fitsari sau huɗu da dare, ga wanda ya ajiye maganin sa fitsari tun tuni, hoton suga ne da ya yi yawa har ƙoda tana zubar da shi, yana jan ruwan jiki yana fita da shi. Ba zan yanke masa ciwo daga takarda ba, amma wannan gwaji na cikin makon nan ne. In ya tabbata, ki kwantar masa da hankali, ba kowa ake fara wa allura ba. Yawanci da ƙwayar metformin ake farawa in ƙoda lafiya take, ana shanta tare da abinci saboda takan dama ciki a makonnin farko.

Sai batun taifot sau uku cikin wata biyar, wanda ke ci mini rai duk lokacin da na ji shi. Gwajin da aka fi yi a irin waɗannan wurare shi ne na Widal. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da garkuwar jiki ta bari yake gani, kuma a ƙasa irin tamu wannan sawun yana iya fitowa a jinin wanda ya yi ciwon shekarun baya, ko mai maleriya, ko wanda ke zaune lafiya. Gwaji ɗaya na Widal ba ya tabbatar da taifot. Taifot na gaskiya yana zuwa da zazzaɓi mai naci na kwanaki, kuma shuka jini a ɗakin gwaji ake yi a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Maleriya kuma tana da nata gwajin na ɗigon jini da ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Ban ga kin ambaci zazzaɓi ko sau ɗaya ba. Akwai wanda ya taɓa sa masa ma'aunin zafin jiki kafin a haɗa ledar?

Ledar ita ce abin tsoro. Irin wannan haɗi sau da yawa ba ya rasa maganin ciwon jiki mai ƙarfi kamar diklofenak ko ibuprofen, wani lokaci har da deksametazon ko prednisolon. Mutum ya sha ya ji garau kwana biyu, ya ce mai kemis ya san aiki. Diklofenak da ibuprofen suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su ɗaga jini, su wahalar da ƙoda, su ƙwaƙule ciki har ya zama olsa. Deksametazon da prednisolon kuwa suna harba suga sama. Ga mu kuma a Jos, inda da hunturu ya kama kowa sai ya ce sanyi ya shige masa ƙashi, a yi ta haɗiyarsu kamar gyaɗa, alhali sanyin kansa yana ɗan ɗaga jini. In ciwon kai ne kawai, farasitamol ya wadatar kafin a ga likita. Ban ce mai kemis mugu ba ne. Yana kusa, ba layi, yana ba da bashi, yana kiransa Alhaji, abubuwan da asibiti ba ta cika yi ba. Sai dai abin da ke damun maigidanki ya wuce teburinsa. In akwai ragowar leda, ki adana ta, za ta yi amfani.

Hajiya kuwa, ki sassauta mata a zuciyarki. Ta binne miji, yanzu tana kallon ɗanta yana fama da ciwo. Jiƙon da take aikowa tsoro ne irin naki, kowa da abin da hannunsa ya kai. Maganarta ma akwai gaskiya a ciki: yawancin masu hawan jini har ƙarshen rayuwa suke shan magani. Inda ta kauce shi ne zaton maganin ne yake kama mutum. Ciwon ne ba ya tafiya, kamar mai tabarau da ba zai ce gilashi ya kama shi ba don ya cire ya daina gani. Zogale abinci ne mai kyau, a yi kwaɗonsa a ci, a sa a miya. Zoɓo ma ƙananan bincike sun nuna yana ɗan sauke jini, in ba a cika shi da suga ba, amma ɗan saukin nan ba zai dawo da 172 gida ba. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba shi nake so a dakatar, musamman in da kanwa, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, ƙodarsa kuma ba a duba ta ba tukuna.

Kada ki yi jayayya da ita a kan jiƙo, ba za ki ci ba. Ki shirya ki je gaishe ta da ɗan abin hannu, in kun keɓe ki ce, “Hajiya, tsoro nake ji kada abin da muka gani a kan Baba ya sake shigo mana gida. Maganarki kaɗai yake ji. Ki sa shi ya je a auna shi, in an ce lafiya lau ni na yi shiru.” Kin mayar da ita jagora ke nan maimakon abokiyar hamayya, kuma umarnin uwa yana shiga inda roƙon mata ba ya shiga. In zancen tawakkali ya taso, hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta sananne ne, ita ma ta san shi.

Babban wansa ki ajiye shi a matsayin mataki na gaba, in mako guda ya wuce ba motsi. Ko a lokacin kada ya zama ƙara, domin namiji da aka kai ƙararsa yakan ƙara ƙafewa ne don kada a ce mace ta juya shi. Ki ce wa Yaya uba ɗaya ya haife su, gadon jinin nan bai bar shi ba shi ma, ya ja ƙaninsa su je a auna su tare. Zancen shimfiɗa kuwa ya tsaya tsakaninku, ko Hajiya kada ta ji. In kin san wani abokin kasuwarsa da ke shan maganin hawan jini yana harkokinsa lafiya, shi ma kalma ɗaya daga bakinsa tana iya fin goma daga naki.

Akwai wani ɗan sulhu da nake so ya shigo gidan, wato na'urar awon jini. Ki sayi mai ɗaurawa a dantse, ta fi ta wuyan hannu inganci, ki tabbatar maɗaurin ya zagaye dantsensa da kyau, domin ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba. Ki fara auna kanki a gabansa, ki auna Hajiya in ta zo, har abin ya zama na gida. Mai awo ya yi fitsari tukuna, ya zauna minti biyar bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada ya ci goro, ya sha kofi ko sigari rabin awa kafin nan. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, a rubuta da kwanan wata. A asibiti iyakar ita ce 140 bisa 90, a gida kuwa in matsakaicin ya kai 135 bisa 85 ya hau. Littafin ki bar shi a hannunsa. Ɗan kasuwa ne, ya san lissafi, ya san abin da ake nufi in lamba ta ƙi sauka kwana bakwai a jere, gani kuma ya kori ji. Daga ranar ke kin daina cewa jininsa ya hau, na'ura ce ke faɗa. Amma in ta nuna 180 bisa 120 ko fiye, aka huta aka sake ta maimaita, asibiti a ranar. Kuma kada cika littafi ya jinkirta gwajin suga.

Wurin zuwa ba ya wuya a Jos. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga na Bingham da aka fi sani da Jankwano, ko duk asibitin da ke kusa da ku mai likita da ɗakin gwaji. Ya zaɓi ranar da kasuwa ba ta cika ba, domin asarar cinikin yini ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga mai kayan da ke lalacewa, kuma ki nuna masa kin san da haka. Ya tafi da sassafe bai karya ba, ruwa kawai. Ya riƙe katinsa na bara, ragowar ƙwayoyin durowa, ledar kemis, littafin awo, har da ɗan jiƙon a gora. Abin da za a duba bai wuce suga, fitsari don ganin ko ƙoda tana yoyon furotin, gwajin jini na aikin ƙoda da gishirin jiki, kitsen jini, da zanen bugun zuciya da ake kira ECG ba. In suga ya tabbata, a duba ido da ƙafafu. In aka ga furotin a fitsari, likita zai fi karkata ga irin su losartan ko lisinopril saboda suna kare ƙoda. Kada ya yi mamaki in an sake ba shi kala biyu, mai lamba irin tasa da wuya guda ɗaya ta isa. Zai riƙa komawa kusan duk wata har jinin ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, in da suga ma ana son na saman ya yi ƙasa da 130, daga nan sai a riƙa ba shi tazara. In kuɗi ya yi nauyi ya faɗa wa likita kai tsaye a rubuta masa mai sauƙin farashi mai lambar NAFDAC, ku kuma tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jihar, PLASCHEMA. Kafin azumi ya koma a gyara masa lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki.

Inda kike da cikakken iko ba tare da neman izinin kowa ba shi ne tukunya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, burodi, yajin tsire, kilishi da garin ɗanɗanon taliyar leda. Ki rage a hankali cikin makonni, a tukunyar kowa da kowa, kada a ware masa kwanon marar lafiya. Daddawa, citta, tafarnuwa, albasa da attaruhu za su rufe gurbin, harshe kuma yana sabawa. Shayin safe mai suga cokali uku da madarar gwangwani, da lemon kwalba na tsakar rana a kasuwa, su ne na farkon sallama. Allah ya ba ku abin da mutanen wasu garuruwa ke saye da tsada, kabeji, karas, koren wake, latas, alayyafo, kuma a hannun maigidan suke kwana. Su cika rabin faranti, tuwo ko shinkafa su koma gefe. Gwate mai yawan ganye abinci ne mai kyau. Acca dai ki riƙe cewa hatsi ce, duk da sunan da ta yi na abincin masu suga, in an cika kwano da ita sugan zai hau. Tafiyar ƙafa ta rabin awa sau biyar a mako ta isa, ko da sauka daga keke ne tun kafin a kai kasuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki koya wa kanki da babban ɗanku alamomin da ba a jira da su. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani da bai taɓa yin irinsa ba, ciwon ƙirji mai danna mutum da zufa, numfashi ya gagara, ko ruɗewa da amai tare da matsananciyar ƙishirwa. Ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara. Kada a ɗura masa ruwa, rubutu ko ƙwaya, har da asfirin, domin mai shanyewar jiki yana iya shaƙewa, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ake sanin toshewa ce ko fashewa. A kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibiti, addu'a a yi ta a mota. Ko alamar ta wuce bayan minti goma ya miƙe yana dariya, a tafi, gargaɗi ne. Tun yanzu ki san maƙwabcin da za ki buga wa ƙofa in dare ne, ki ajiye lambarsa da ɗan kuɗin mai a gefe.

Ke kuma, 'yar'uwa, ki sauke wa kanki wani kaso na kayan nan. Tunin safe da yamma da kike yi ya zama hayaniyar da kunnensa ya saba da ita, ki huta da shi na mako guda ki bar na'ura da Hajiya su yi aiki. Mai yiwuwa ya ƙi a karon farko. Baligi ne, ba za ki haɗiye masa ƙwaya ba, kuma in ya ƙi ba gazawarki ba ce. Tukunya tana hannunki, shirin gaggawa yana hannunki, Yaya yana nan a ajiye. Rashin barcin nan ma ki faɗa wa wata 'yar'uwa da kika amince da ita, ki kuma rubuta naki awon a bayan littafin, domin matan da suka haihu biyar suna ɗawainiya da kowa su ne ba a cika aunawa ba.

Yau da dare ki kwashe ƙwayoyin nan daga durowa ki sa su a jakar da za a tafi da ita asibiti, tare da katin bara. In an dawo ki rubuto mini lambobin littafin, sakamakon suga, da sunayen da ke jikin sabbin kwalayen, mu duba tare. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan Baba, ki gaida Hajiya.